Kwana Takwas a Masar: Ta Ina Zan Fara, Kuma Ina Gawar Fir'auna Take?

Malam, ka ce hutun kwana takwas ka samu, za ka je Masar da uwargida da yara biyu. Kana tambaya ko wuni guda a Giza ya isa mutum ya ce ya ga abin da mutanen Fir'auna suka bari, ko kuwa sai an nausa kudu zuwa Luksor da Aswan. Ka kuma tambayi inda aka ajiye gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS). Tarihi na karanta a Alkahira, kuma na sha raka baƙi zuwa wuraren nan, galibinsu mutanenmu da suka zo jinya ko ziyarar 'ya'yansu da ke karatu a Azhar. Zan faɗa maka yadda nake tsara wa wanda ya damƙa mini tafiyarsa.

Wuni guda a Giza bai isa ba. Ni ma ba da Giza nake farawa ba, da Sakkara nake farawa, wadda ke kudu da Giza, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Dalilina shi ne wanda ya fara tsayawa gaban dalar Sarki Khufu, wato babbar dalar Giza, mamaki kawai yake kwasowa. Daga mamaki sai a koma cewa aljanu ne suka gina, ko wasu halittu daga sama. Wanda kuwa ya bi abin daki-daki yadda aka gina shi, da idonsa zai ga magina suna koyo, suna kuskure, suna gyarawa.

A Sakkara dalar Sarki Zosar take, wadda ta haura shekara 4,600 a tsaye. Kafin ita, manyan mutane ana binne su ne a ƙarƙashin wani gini mai faɗi, shafaffen sama, na tubalin laka, wanda Misirawan yau ke kira masɗaba, wato dakali. Mai tsara wa Zosar gini, Imhoteb, sai ya yi nasa da dutse, ya yi ta ɗora dakali a kan dakali, kowanne bai kai na ƙasa da shi ba, har hawa shida, tsayin kusan mita 60. Daga nan ka wuce Dahshur, nan kusa ne. Can za ka ga dalar Sarki Sinefru mai lanƙwasa. An faro ta a miƙe sosai, da aka kai wajen rabi sai aka karya kusurwar aka kwantar da ita, kuma mafi yawan masana na ganin tsagewar da ginin ya fara yi ce ta tilasta hakan. Kusa da ita ga Jar Dala, ita ma ta Sinefru, wadda aka gina tun daga tushe da kwantacciyar kusurwa, ta fito sumul. Khufu ɗan Sinefru ne. Ka ga ke nan babbar dalar Giza ba daga sama ta faɗo ba, gadon aikin uba ne da ɗa ya ɗora a kai.

Amma abin da ya sa na fi son Sakkara ba dalar ba ce, kaburburan fadawa ne. Ka nemi a kai ka kabarin wani bafade mai suna Ti, da na Mereruka, da na Kagemni. Bangonsu cike yake da zanen rayuwar yau da gobe, an sassaƙa a dutse da ƙanƙanin hannu: masu su da taru, mata na niƙa, ana sheƙar hatsi, ana ɗura wa tsuntsaye abinci don su yi ƙiba, mahauta sun kayar da sa. A kabarin Ti akwai wuri guda da nake tsayar da kowa. Makiyaya ne za su ƙetare ruwa da garke. Wani ya saɓa ɗan maraƙi a bayansa ya shiga gaba, maraƙin ya waiwayo yana neman uwarsa, ita kuma ta miƙa wuya tana biye da shi, sauran shanun na bin ta. Wani dattijo da na taɓa kaiwa, wanda ya yi kiwo da ƙuruciya, ya daɗe a tsaye a wurin bai ce komai ba, can ya ce haka su ma suke yi idan rafi ya kawo. Zanen ya haura shekara 4,000. Ka ba wurin nan awa biyu ko uku, kada direba ya hanzarta ka. Idan dalar Unas a buɗe take ku shiga. Daga waje kamar tulin ƙasa take, amma a cikinta ne aka fara rubuta addu'o'in matattu a bangon dala, kuma rufin ɗakin duk taurari ne.

Kashegari sai Giza, kuma ku yi sammako ku isa ana buɗe ƙofa. Dalar Khufu an gama ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Asalin tsayinta mita 146 ne, yanzu ta koma kusan 138 saboda an kwashe fararen duwatsun da aka lulluɓe ta da su, da yawa sun shiga gine-ginen Alkahira. An ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3. Ta ɗansa Khafra za ka ga kamar ta fi tsayi, tudun da take kai ne ya ɗaga ta, kuma ita ce har yau ke da ragowar lulluɓinta a ƙoli. Ta ukun, ta Mankaura, ƙarama ce, kuma a gefenta na arewa akwai wani dogon rami kamar an tsaga ta. Sarki Al'aziz Usman, ɗan Salahuddin Al'ayyubi, shi ya sa a rushe ta a shekarar 1196. Ma'aikata suka yi watanni suna fama, abin da suka iya cirewa ke nan, aka haƙura. A ƙasa kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Larabawa ke kira Abul Haul, an sassaƙa shi daga dutsen wurin, tsawonsa ya kai mita 73.

Shiga cikin dalar Khufu tikitinsa daban ne, kuma ba kowa nake ba shawarar ya shiga ba. Ana bi ne ta wata kafa da ake dangantawa da Halifa Ma'amun, wanda aka ce shi ya sa aka fasa ta a ƙarni na 9. Za ka yi tafiya a duƙe cikin wani siririn lungu mai hawa, ga zafi ga ƙarancin iska, kafin ka fito wani dogon zaure mai tsayin rufi, daga nan sai ɗakin sarki. A ɗakin babu zane, babu rubutu, babu gawa, sai akwatin dutse guda wanda babu komai a ciki. Duwatsun ɗakin daga Aswan aka kawo su ta kogi, tafiyar fiye da kilomita 800. Mai ciwon baya ko gwiwa, mai hawan jini, da wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali, su tsaya a waje, ba su yi asarar komai ba. Hawa bayan dala kuwa doka ta hana, kada yara su gwada.

Wata magana da ke yawo a bakin mutanenmu ita ce Bani Isra'ila ne suka gina dalolin nan cikin bauta. Lissafin shekaru bai ba da haka ba. Tsakanin Khufu da zamanin da galibin masana ke sanya labarin Annabi Musa akwai fiye da shekara 1,000. An tono garin ma'aikatan a kudancin filin, da gidajen gashin burodinsu da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da suka ci. A 1990 aka gano maƙabartarsu, wasu gawarwakin da alamar karaya da aka ɗora ta warke. A 2013 kuma, a Wadi Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, aka samu rubutun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda yake lissafa kwanakin da shi da mutanensa suka yi suna jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza don aikin Khufu. Aiki ne mai tsanani, kuma sarki ne ke tara mutane ya sa su, amma Misirawa ne, ana ciyar da su, an kuma san sunayen wasunsu.

Ka kula da masu raƙuma da dawaki a filin. Na taɓa ganin an ce wa baƙona hawa kyauta ne, da ya hau aka ce sauka sai ya biya, ga raƙumi ya miƙe da shi. Ku yi ciniki ku gama tun kuna ƙasa: nawa, zuwa ina, minti nawa, kuma da fam ɗin Masar. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta, ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode, ka wuce. Ka riƙe canji a aljihu, don bakshish, wato na goro, al'ada ce a can, mai gadin kabari da mai kula da banɗaki duk suna sa rai. Tikitin shiga manyan wurare kuwa yanzu galibi da katin banki ake saya, don haka ka tabbatar katinka na aiki a ƙasar waje kafin ka baro gida. Da rana ta take sai ku shige sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalolin, wanda aka yi bikin buɗe shi a watan Nuwamba na 2025. Kayan kabarin Sarki Tutankamun suna can, haka ma jirgin ruwan Khufu na katakon al'ul mai tsawon mita 43, wanda aka tono a gindin dalarsa a 1954.

Yanzu ga maganar gawar Fir'auna, wadda na san ita ce ta fi damun ka. Gawarwakin sarakunan suna gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, a tsohuwar Alkahira, ba nisa da masallacin Amru ɗan As. A watan Afrilu na 2021 aka mayar da su can, su 22, sarakuna 18 da mata 4. Za ka ga Ramsis na Biyu kwance cikin gilashi, da dogon hancinsa da sauran gashi a ƙeyarsa, za ka kuma ga ɗansa Marnabtah. Waɗannan biyun su ne aka fi nunawa a ce Fir'aunan Musa ne. Allah Ya faɗa a Suratu Yunus, aya ta 92, cewa zai tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya ga na bayansa, kuma mun yi imani da haka. Sai dai Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, Fir'auna kuwa laƙabin sarauta ne, asalinsa kalmar Misirawa mai nufin babban gida, wato fada. Babu wani rubutu a jikin ko ɗaya daga cikin gawarwakin da ya ce ga shi. Ba kuma a teku aka tsamo su ba, kamar yadda ake yaɗawa a waya. Ta Ramsis an same ta a 1881 a wani ɓoyayyen rami a Dairul Bahri da ke Luksor, inda limaman tsohuwar Masar suka tara gawarwakin sarakuna don gudun ɓarayi. Ta Marnabtah kuma a 1898 aka same ta a kabarin wani sarki daban. Gishirin da ake cewa an gani a jiki ba hujjar nutsewa ba ce, domin duk gawar da suka adana da kanwa suke busar da ita. Sukan cire kayan ciki, su binne jikin cikin kanwa wajen kwana 40, su shafe shi da mai da ƙaro, su naɗe da lilin, a gama komai cikin kwana 70. Ramsis ya yi mulki shekara 66, ya mutu yana wajen shekara 90, tsoho tukuf mai ciwon haƙori da ciwon gaɓoɓi. Don haka idan ka shiga, ka gaya wa yaranka gaskiya: ga sarakunan Masar, wasu malamai na zaton ɗaya daga cikinsu shi ne, Allah ne Masani. Ɗakin shiru ne, da ɗan duhu, ba a ɗaukar hoto. Ban taɓa shiga da wani ya fito yana surutu ba.

Wasu kan tambaye ni ko ya halatta ma a je irin waɗannan wurare. Ni ba mai fatawa ba ne, ka tambayi malaminka. Abin da zan iya tuna maka shi ne ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance, da kuma hadisin da Annabi (SAW) ya hana shiga gidajen Samudawa a Hijir sai ana masu kuka. Sahabbai sun ci Masar da yaƙi a zamanin Sayyidina Umar, sun tarar da dalolin, sun bar su a tsaye.

Da Sakkara, da Giza, da Fusɗaɗ, kwana uku sun tafi ke nan. Sauran ka kai su kudu, domin wanda bai je Luksor ba ya ga ƙasusuwan tarihin ne kawai, bai ga launinsa ba. Jirgin sama awa guda ne daga Alkahira, jirgin ƙasa na dare kuma wajen awa goma, ana kwana a ciki. Kogin Nilu ya raba garin biyu. Gabas, inda rana ke fitowa, nan manyan gidajen bautarsu suke. Yamma, inda take faɗuwa, nan suka kai matattunsu.

A gabas Karnak ce uwa. Sarakuna sun yi kusan shekara 2,000 suna ƙara gini a wurin, kowa na son ya fi na gabansa. Akwai zaure guda mai ginshiƙai 134, na tsakiya 12 sun kai mita 21, kaurin kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su kewaye shi. Ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin duwatsun da ke kan ginshiƙan, inda rana ba ta taɓa ba, za ka ga shuɗi da ja da ruwan ɗorawa suna nan. Daga Karnak akwai hanya mai jerin gumaka dama da hagu, kusan kilomita uku, har zuwa gidan bautar Luksor. Shi wannan ku je da yamma. A cikin harabarsa masallacin Abul Hajjaj yake, an gina shi a kan bangon tsohon ginin tun lokacin da ƙasa ta binne wurin. Da aka yashe ƙasar sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama, tana rataye a bango. Har yau ana salla a ciki, kuma za ka iya yin magariba a nan. A bakin ƙofar gidan bautar dogon ginshiƙin dutse mai tsini guda ɗaya ne a tsaye. Ɗan'uwansa yana birnin Paris, inda aka kafa shi a 1836.

Yamma kuwa a fita tun asuba, don Kwarin Sarakuna rami ne tsakanin duwatsu, babu inuwa babu iska. Sarakunan da aka binne a nan sun daina gina dala, domin dala talla ce ga ɓarawo, suka koma haƙa kabari cikin dutse suna ɓoye ƙofar. Duk da haka kusan duka an yashe su tun a da. Kaburbura sun haura 60, tikitin gama-gari na ba ka damar shiga uku daga cikin waɗanda ke buɗe ranar. Na Tutankamun, wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a watan Nuwamba na 1922, kuɗinsa daban ne, kuma ƙarami ne ƙwarai. Sunansa ya fito ne don an tarar da dukiyarsa kusan cikakkiya, dukiyar kuwa tana Alkahira. In kuɗin ƙari guda za ka kashe, ka kashe shi a kabarin Ramsis na Shida, wanda rufinsa ke ɗauke da zanen tafiyar rana dare da yini. In aljihu da nauyi, na Seti na Ɗaya ya fi kowanne kyau.

Motocin yawon buɗe ido daga nan sukan wuce gidan bautar Hatshebsut, macen da ta yi sarauta har ana zana ta da gemun sarakuna, su tsaya a ɗauki hoto a koma otal. Kai ka ce a kai ka Dairul Madina. Ƙauyen masu haƙa da zanen kaburburan sarakuna ne, ana ganin ɗakunansu da lungunansu, kuma sun yi wa kansu 'yan ƙananan kaburbura da launinsu ke ɗaukar ido kamar jiya aka shafa. A na wani mai suna Fashedu, an zana shi durƙushe a gindin goruba, ga 'ya'yanta reto a sama, ya kafa kai yana shan ruwa. Mutanen ƙauyen nan ne, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a bakin gidajen bauta saboda an jinkirta musu rabon hatsinsu, kuma an rubuta labarin ya iso gare mu. Kusa da nan akwai kaburburan hakimai. A na waziri Rekmira za ka ga masu buga tubali, da mutanen kudu sun kawo gaisuwa har da raƙumin dawa, da masu yin wani abin zaƙi da aya da zuma. A na Menna, cikin zanen girbi, ga wasu 'yan mata biyu suna faɗa sun cakumi gashin juna, ga wata kuma tana cire wa 'yar'uwarta ƙaya a ƙafa. Sau da yawa ku kaɗai za ku kasance a ciki, ku da mai gadi.

Luksor ta cancanci kwana uku. Biyun da suka rage in ka ga iyali da sauran ƙarfi, ku tafi Aswan ta mota, ku tsaya a Idfu, inda gidan bauta yake kusan cikakke da rufinsa. A Aswan ku je maƙerar dutse ku ga ginshiƙin da aka fara sassaƙawa ya tsage aka bar shi kwance, mai tsawon kusan mita 42, da sawun duwatsun da aka daddake shi da su. Ku shiga kwalekwale zuwa gidan bautar Fila da ke kan tsibiri. Abu Simbel tana da nisa, kusan kilomita 280 daga Aswan, ana tashi tun cikin dare. Can ne gumakan Ramsis na Biyu guda huɗu suke zaune, kowanne kusan mita 20. Da aka gina babbar madatsar Aswan ruwa zai cinye wurin, sai aka yanyanka ginin gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka sake haɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da inda yake. In ka matsa kusa za ka ga layin yankan. Da yara ƙanana dai, awa shida zuwa bakwai a mota zuwa da dawowa ba wasa ba ne, ni da zan bar ta sai wani zuwan.

Lokacin tafiya kuma ka zaɓi tsakanin Oktoba da Afrilu. Da bazara zafin Luksor da Aswan kan haura digiri 40, kuma kada ka ce ai mun saba da rana, domin a gida ba ka yini kana hawa da sauka a cikin dutse. A watan Disamba da Janairu kuwa dare da asuba akwai sanyi sosai, ku tafi da rigunan sanyi. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, wuraren kan rufe da wuri. Kowa ya sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, a riƙe ruwan gora da yawa, kuma ka ja wa yara kunne kada su taɓa bango, don gumin hannu ke cinye launin. In ɗaya daga cikinsu ɗalibi ne mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, ya tafi da shi, ana rage masa kuɗin tikiti.